Yadda Rabin Kitso Ya Mai da Mu 'Yan Virginia

Tun ina da wata biyu da sauka ƙasar nan, tun ba a yi komai ba, akwai abin da ya tsaya mini a rai: sunanmu ba ya jikin ƙofar kowa. Gidan da muke haya a Alexandria ta jihar Virginia dogon bene ne, mu muna hawa na tara. A ƙasa kusa da lif akwai akwatunan wasiƙa na ƙarfe, a jere kamar ɗakin tantabaru, kowanne da sunan mai ɗaki. Ni karatuna aji huɗu ne na firamare, amma ina haɗa baƙi. Na nemo lambar ɗakinmu, sai na ga an rubuta sunan wani Garba. Maigidana kuwa ba Garba ba ne. Da na tambayi Malam, shi maigidan nawa, ya ce abokinsa ne da ya kama ɗakin, ya gama karatu ya koma gida ya bar mana. Na ce to wasiƙunmu fa? Ya ce suna zuwa gidan Baba Alhaji Tanko a cikin Washington, can tsallaken kogi, kamar na kowa.

Har 'yar takardar da nake maƙala wa 'yata Ummi da fil a cikin riga don ko ta ɓata, adireshin Baba Alhaji ne a jiki. Na ce, "Malam, yanzu in yarinyar nan ta suɓuce mini a tasha, tsallaken kogi za a kai ta, mu muna nan muna cigiya?"

Ya yi dariya har da buga gwiwa. Ya ce, "Ke dai ba kya rasa abin damuwa. Ko Aljanna aka sa ki, sai kin tashi duba ko an kulle ƙofar baya."

Na bar maganar. Amma ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Abin da ya sa na ɗauki biro, 'yan matan nan ne da iyayensu ke turo mini ranar Asabar su koyi kitso. Su zauna awa ɗaya suna kallo, sai wata ta ce, "Anti, ashe hira kawai kike yi ana biyanki." To bari in gaya muku abin da ke cikin hirar.

Kai na farko da aka ba ni a Malumfashi, ba kitsawa na yi ba, tsefewa na yi. Ina da shekara tara, Gwaggo Lami ƙanwar babana ta zaunar da ni bayan wata tsohuwa mai doka, wadda ta yi wata uku a kai, man shanu ya daskare a ciki kamar kakide. Ta miƙo mini tsinke ta ce, "Warware. In ta ce wash, ba ki da tuwo." Shekara guda cur ba na yin komai sai tsifa. In na matsu in yi kitso, sai in tafi bayan gida in kama tushen ciyawa in yi ta kitsa shi. Gwaggo takan ce wadda ba ta san yadda kitso yake kwancewa ba, ba za ta san yadda yake kamawa ba. A wajen tsifa ake gane kan da ke da taushi, da kan da ke da miki, da inda makitsiyar baya ta ja har gashi ya gudu.

Abu uku ta dasa mini. Na ɗaya, tsaga. In tsaga ta karkace, ko hannunki na zinariya ne kitso ya ɓaci. Na biyu, ba a kitso da ƙwarƙwata. Abin da kika gani a kai, ki faɗa wa mai kan, kada ki rufe shi don ki gama da wuri. Na uku shi ne wanda ban gane ba sai da na girma. Ta ce, "In kina da magana mai nauyi da mace, kada ki faɗa da fari, za ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi. Kada ki bari sai an gama, za ta ce sauri take yi. Ki faɗa a rabin kai. Mai rabin kitso ba ta tashi."

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Tsinken ƙarfe da maƙerin unguwarmu ya ƙera, wanda ma'aikacin filin jirgi ya yi ta juyawa yana kallona kamar na zo yaƙi. Matsefin katako mai haƙori uku. Zare baƙi. Man kaɗe a gwangwanin madara. Kujerata 'yar tsugunno ce kawai Malam ya rubuto ya ce kada in kuskura in hau jirgi da ita. Da na zo sai na sami akwatin roba irin wanda ake jera madara a kanti, na kifa shi, na ninka tsohon zane a kai. Yau shekara bakwai a kansa nake zama. An sha kawo mini kujera mai juyawa, na ce a bar ni. Kitso da gwiwa ake yin sa. Gwiwa ce ke riƙe kai, ita ke gaya miki mai kan ta gaji ko ta fara gyangyaɗi.

Kai na farko da na kama a Amurka na Hajiya Asabe ne, matar Baba Alhaji, ranar wata Lahadi. Sai na faɗa muku yadda Lahadin gidan nan take, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Baba Alhaji ya riga kowa zuwa. Yana da kantin kayan abinci irin namu, kuma duk ɗan arewa da ya sauka, shi ke ɗauko shi daga filin jirgi, ya kwana a falonsa har ya sami wuri. A gida ai kun san yadda muke yi, wasiƙa ta hannun babba take zuwa. To haka aka ɗora a nan. Ɗalibai yau suna wannan ɗaki gobe suna wancan, amma gidan Baba ba ya motsi. Saboda haka banki, lasin tuƙi, takardar mota, takardar wurin aiki, kowa adireshin Baba yake bayarwa. Da hukuma za ta duba, sai ta ɗauka bariki ne.

Akwai wani babban tire na silba a kan talabijin, nan ake tara wasiƙun mako. Ranar Lahadi bayan an ci tuwon shinkafa da miyar kuka, Baba ya sa tabarau, ya ɗora tiren a cinya, ya riƙa kiran suna ɗaya-ɗaya kamar malamin aji. Wanda aka kira ya taso ya durƙusa ya karɓa. In wasiƙar mace ce daga gida, sai an sha tsiya kafin a ba shi. Ni ina can ƙuryar ɗaki ina yi wa Hajiya shuku, ina jin komai.

Daga kan Hajiya aiki ya buɗe. Ta je biki, mata suka tambaya. Yawancin masu zuwa mini nas-nas ne 'yan Filato da kudancin Kaduna da ke zaune wajen College Park, a jihar Maryland. Su ba ruwansu da ado mai tsini, zane suke so kwantacce wanda hular aiki za ta zauna a kai, ya yi wata bai tashi ba. Sai baƙaƙen Amurka, su kuma ƙananan kalaba suke so, siri-siri kamar taliya, a zauna tun hantsi har la'asar. Wata ta taɓa tambayata a wace makaranta na koyo. Na ce makarantar Gwaggo Lami. Ta ce a wace jiha take? Na ce tana da nisa, kuma ba a ɗaukar kowa.

Zuwa College Park kuwa aiki ne kafin aiki. Bas daga ƙofar gida, jirgin ƙasa ya tsallaka kogi da ni, in sauka in sake hawa wata bas, Ummi a goye, jaka a hannu. Duk hanya ina ƙirga tashoshi da yatsa don kada in wuce.

Shi Malam a ɗakin gwajin jini yake aiki, a wani asibiti cikin Washington. Asibitin ne ya nema masa girin kad, wato takardar izinin zama dindindin. Amma tun yana yaro likita yake so ya zama, kuma bai fasa ba. Ya yi jarrabawar da ake yi kafin a nemi makarantar likita, ya ci da kyau, har Baba ya fara kiransa "Likita bokan Turai". Ya cika fom-fom ya aika, ya fi sa rai a makarantun gwamnatin jiha, na Virginia da na Maryland, don su ne talaka zai iya.

Amsoshin a tiren Baba suka sauka, gaban kowa. Ambulan siririya, kamar ba komai a ciki. Lahadi ta farko ɗaya, ta biyu biyu. Malam ya karɓa ya sa a aljihu ya ce sai ya je gida. Kafin azumi ya zo sun ƙare, babu wadda ta ce ko zo mu gan ka. Baba ya daina ce masa Likita bokan Turai. Malam ya ce wataƙila makinsa ne bai kai ba, zai sake zama jarrabawa.

Shekarar nan ita ce muguwar shekara a wajena ni ma. Wani yayi ya shigo, a shafa wa gashi magani ya narke ya nannaɗe, a bi shi da wani mai, ya yini yana ɗiga. Kowa ta koma can. Mace ta zo gaishe ki, in ta tashi sai ki ga taswirar kanta a jikin kujera. Masu kwana da hular leda kamar an rufe kwanon abinci. Nas-nas ɗina suka tafi ɗaya bayan ɗaya, wasu in mun haɗu a biki sai su riƙa kauce mini. Sai in yi mako ban taɓa kai ba in ba na Ummi ba, har yarinya ta fara gudu in ta ga na ɗauko tsinke. Na ce wa Hajiya ko in nemi aikin goge-goge. Ta ce, "Zauna, ɗiyata. Abin da wuta ta dafa, wuta za ta ƙona. Za su dawo."

Wadda ta fara dawowa Anti Rifkatu ce, wata nas 'yar Pankshin, babbar mace mai dariya kamar ganga. Ta kira ni a waya ta ce in zo, kuma in rantse ba zan yi dariya ba. Da ta cire ɗankwali, gaban kan ya tafi, ƙeya ta kakkarye, abin da ya rage kamar gonar da fari suka bi. Irin wannan kai ba a jan sa. Sai da na jiƙa shi da man kaɗe na bar shi ya sha, na raba shi manya-manya, na riƙa ɗauko gashi daga inda yake da ƙarfi ina kwantar da shi kan inda ya mutu, ina sakin hannu kamar mai ɗaukar ƙwai. Aikin awa ɗaya ya ci uku.

Ana cikin haka ta ce, "Ina labarin Likita?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Da wannan makin? Kai, da sake. Tsaya, ƙanwata, ku 'yan wace jiha ne?"

Na ce, "Anti, kin manta? Malumfashi."

Ta yi dariya har tsagar ta kuɓuce mini. "Ba asali nake tambaya ba. Nan ƙasar ba ruwansu da inda aka binne cibiyarki. Inda kike kwana, inda kike biyan haraji, inda lasinki ya nuna, nan ne jiharki."

Mijinta, Malam Yohanna, a ofishin wata jami'a yake aiki, inda ake tantance takardun ɗalibai, don haka ta san abin kamar tafin hannunta. Ta ce makarantar likita ta gwamnatin jiha da harajin mutanen jihar ake riƙe ta, saboda haka nasu suke fara ɗauka. Na waje sai abin da ya rage, kujeru kaɗan, duk ƙasa na rububi a kai, kuma in ya samu kuɗin da zai biya ya fi na ɗan gida nesa ba kusa ba. Mai girin kad kuwa, in ya zauna a jiha yadda doka ta ce, ɗan jiha ne kamar kowa.

Na ce, "To ai mu a Virginia muke kwana, shekara uku ke nan."

"Sunan wa ke takardar haya?"

"Garba."

"Wane ne Garba?"

"Yana Kano."

"Lasin Malam fa? Harajinsa fa?"

Na ce duk gidan Baba Alhaji.

Ta dafe ƙirji. "Wayyo ni Rifkatu! Ku a takarda 'yan Washington ne. Washington kuwa ba jiha ba ce, ba ta da irin wannan makarantar. Waɗanda ke cikinta masu zaman kansu ne, ga tsada ga rububi. Virginia ta duba ta ga baƙo, Maryland ta duba ta ga baƙo. Kun zama jemage, ba ku cikin tsuntsaye ba ku cikin dabbobi."

Da yamma ina zuba wa Malam abinci na faɗa masa. Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ni za a koya wa ɗan jiha?" Ya tashi ya buɗe akwati ya ɗauko takardarsa ta shaidar asali da ya zo da ita daga gida, da hatimin hakimi a jiki. "Wannan ita ce jihata. A nan ni baƙo ne ko ina na zauna, ko na shekara hamsin. Shi ya sa da suka tambaya a fom ko ni ɗan jihar ne, na ce a'a, ban tsaya ɓata lokaci ba." Kun ga inda gizo ya yi saƙa. Mutum mai ilimi, wanda ya san sunan kowace jijiya a jikin ɗan Adam, amma ya auna Amurka da mudun gida.

Na ce, "Ni ban sani ba, ba ni da karatu. Ga lambar Malam Yohanna."

Ya kira. Ya fi rabin awa yana "Eh... eh... ikon Allah." Da ya ajiye waya ya dube ni ya ce, "Ashe akwatin nan naki da kike ta magana." Na ce, "Miyar za ta huce."

Abin da za a yi a fili yake. A sa sunansa a takardar haya, a sake lasin, a sake lambar mota, a gaya wa wurin aiki su riƙa kai harajinsa Virginia, a gaya wa banki. Sannan a zauna shekara ta zagayo cif, kafin a sake nema. Malam Yohanna ya ja kunne ya ce duk makon da aka bari ya wuce, daga baya ake biyan sa, in aka yi sake sai a rasa wata shekarar ɗungum.

Takardar haya kam an gyara. Saura kuwa Malam ya tsaya cak. Mako ɗaya, biyu, uku. Na ce lafiya? Ya ce, "Da wane baki zan gaya wa Baba? Mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, na kwana wata huɗu a falonsa, shi ya aika kuɗin jirginki kafin in haɗa. In ce masa na cire sunana daga tirensa?" Kuma ba tsoron banza ba ne. An taɓa yin wani injiniya da ya janye wasiƙunsa ba sallama, Baba ya ce yaro ya yi fiffike, har yau in ya gaishe shi da hanci yake amsawa. In an yi a ɓoye ma ba ta ɓoyuwa, tire zai faɗa.

Kitson da na yi wa Hajiya ran wata Talata, shi ne aikin da na fi alfahari da shi a duk sana'ata, kuma ba don kyansa ba. Na zaɓi Talata don Baba yana gida bayan azahar. Ta ce shukunta za a yi kamar kullum. Na ce, "Hajiya, yau kam ƙananan kalaba za su fi yi miki kyau, kanki ya cika." Ta ce to. Na fara daga dama, na bi a hankali, muna hirar tsadar kuɓewa. Sai da na kai tsakiyar kai daidai, dama ta kwanta lumui, hagu na tsaye kamar an tsorata kaza, sannan na ce, "Hajiya, akwai magana."

Na faɗa mata duka. Ta yunƙura za ta juyo, na riƙe da gwiwa.

Ta ce, "Au! Shi ya sa kika zaɓa mini ƙananan nan? Ja'ira! Wa ya koya miki?"

Na ce, "Gwaggona."

"Allah ya ji ƙan hannun da ya rene ki. To ni yanzu ina za ni da wannan kai?" Ta ja mayafi ta rufe ɓarin hagu, ta ɗaga murya. "Alhaji! Zo ka ji abin da tirenka ya yi."

Baba ya shigo da carbi a hannu. Ni da ba na iya haɗa ido da shi, ran nan sana'a ta rufa mini asiri, don idona na kan tsaga, hannuna na aiki, bakina kawai ke motsi. Na ce, "Baba, ba tashi za mu yi daga hannunka ba. Mutanen nan ne ba su san ta hannun babba ba. Sun ga adireshinka sun ce ɗanka ba nasu ba ne, ko makinsa ba su tsaya dubawa ba."

Ya yi ta jan carbi har na gama kalaba ɗaya na kama wata. Sannan ya ce, "Shi yaron ba shi da baki ne, sai ya aiko mini mace?"

Na ce, "Bai san na zo da ita ba, Baba. Nauyinka yake ji."

Hajiya ta ce, "Kai da kullum kake kukan hawan jini, a ce ga likita har gida kana tare masa hanya da faranti?"

Baba ya ce, "Ke kuma da rabin kai har kin sami bakin magana." Ya fita. Na ji ƙarar tire a falo, yana juya wasiƙu. Can ya leƙo ya ce, "'Yar nan, wannan doka, har yaran da ke tasowa za ta shafa? Masu neman jami'a?" Na ce haka Anti Rifkatu ta ce. Ya ce, "Shekara nawa ina ƙasar nan."

Ran Lahadi bayan tuwo ya sa tabarau kamar kullum. Ya kira sunan Malam farko, alhali ba shi da wasiƙa. Malam ya taso. Baba ya ce, "Gobe ƙarfe takwas ina ƙofar gidanka, ni zan kai ka ofishin lasin. Ku kuma sauran, duk wanda ya san ba a Washington yake kwana ba, ya je ya rubuta sunansa a ƙofarsa. Wasiƙa na sallama. Ƙafa ban sallama ba. Wanda na nema ran Lahadi ban gani ba, ni da shi ne." Ya juya wajen Malam. "Likita bokan Turai, matarka ta fi ka karatu."

Washegari da hannuna na ɓare sunan Garba daga akwatin, da tsinken kitso.

Shekarar jira ba ta zo da sauƙi ba. Masu narkakken gashi suka fara dawowa, aiki ya yi yawa, kuma duk a Maryland. Anti Rifkatu ta samo mana ɗaki jikin nata a College Park, ya fi namu araha, ga kawuna a ƙofa ba sai na hau bas biyu da jirgi ba. Har Malam ya fara cewa a duba. Na ce, "In muka tsallaka kogin nan da katifa, ƙirga ya koma ɗaya." Ita kanta Antin ta buga goshi ta ce ta manta. Haka na ci gaba da bin bas, ga Ummi a hannu ga cikin ƙaninta.

Kuma duk ambulan da ta shigo akwatin nan da sunanmu, ko ta wuta ce ko ta talla, ban yar ba. Na zuba su a gwangwanin biskit. Malam ya ce na mai da gida ofishin gidan waya. Da makarantar ta aiko tana son shaidar zama, wa aka zo ana yi wa murya ƙasa-ƙasa? "Ina gwangwanin nan naki?"

A wannan karon an kira shi intabiyu a ɗaya daga makarantun jihar, tafiyar kamar awa biyu kudu da mu. Ya je ya dawo ya ce bai san yadda ta kaya ba. Anti Rifkatu ta koya mini abu ɗaya: siririyar ambulan a'a ce, mai kauri ita ce eh, don a ciki ake cuso takardun da za a cika.

Ranar da amsar ta zo, Hajiya ce a gabana, a ɗakina, don yanzu ita ke biyo ni. Daga tagarmu ana hango motar mai wasiƙa in ta tsaya. Ni kuwa tun ina shekara tara ban taɓa tashi na bar kai a rabi ba, ko wuta ake yi. Ran nan na ga mota, na dubi kan Hajiya, rabi cif. Na soke matsefi a gashin na ce, "Hajiya, yi haƙuri."

Ta ce, "Wallahi ba ki isa ba, tare za mu."

Muka shiga lif, ni da jariri a kafaɗa, ita da ɗankwali a ɗore bisa matsefi kamar tuta. Wani tsohon Bature da ke ciki ya kafa wa silin ido har muka sauka. Na buɗe akwati. Ambulan ɗin ba ta ma shiga daidai ba, sai da aka lanƙwasa ta. Hajiya ta karɓa ta auna a tafin hannu ta ce, "Wannan kam ta ci ta ƙoshi."

Ban buɗe ba, sunan maigida ne a jiki. Muka hau na kira shi wurin aiki. Ya ce, "Buɗe mana, ke kuma yau kika ga damar kunya?" Na karanta masa layin farko da irin Turancina, ina yi ina tuntuɓe. Ban kai ƙarshe ba na ji ya ce Alhamdu lillahi, ya sake, ya sake. Hajiya ta fita baranda ta rangaɗa guɗa, maƙwabciyarmu ta fito da gudu tana tambaya ina wutar take.

Da ƙura ta lafa Hajiya ta dawo ta zauna a gabana ta ce, "To, ɗiyata, likita ya samu. Ni kuma haka zan koma wa Alhaji, rabi mutum rabi dodo?" Na hau akwatin madarata na ƙarasa mata. Tsagar ran nan ta ɗan karkace, ita kaɗai ce a tarihina, kuma Hajiya ta hana a gyara.

Yanzu Malam yana shekara ta biyu. Ran Juma'a yake dawowa, ran Lahadi mu je tuwon Baba, ya auna masa jini kafin a ci. Mun koma Manassas, nan cikin Virginia, don haya ta fi sauƙi, kuma kun lura, ba mu tsallaka kogi ba. Kada wata ta ce na ce adireshi ke sa a zama likita. Malam ya yi karatu har idonsa ya faɗa. Zama ɗan jiha bai ƙara masa maki ko ɗaya ba, ya dai sa an buɗe takardarsa an duba.

Roƙona gare ku biyu ne. In a gidanku akwai mai son karatun likita, miji ne ko wa ko ƙani ko ke kanki, yau ɗin nan ku sauka ku duba sunan wa ke jikin akwatinku, ku duba lasin, ku duba inda haraji ke tafiya, sannan ku kira makarantar ku tambayi dokarta da bakinku, don kowace jiha da tata. In akwai babban da kuke jin nauyi, ku je ku faɗa masa, kada ku yi kitso da ƙwarƙwata. In kun kasa, ku turo mini matarsa.

Na biyu, ran Asabar kowa ta zo da tsinkenta. Tsifa za mu fara.